Wanda ya ci ya yi aiki, ko wanda bai ci ba bai yi ba?

Sani_Kwari: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya bayan la'asar gardama ta kaure a rumfarmu har wani mai sayen shadda ya gaji da jira ya wuce gaba. Maƙwabcina ya ce shi fa ya gaji da neman shugaba mai gaskiya, a ba shi wanda zai ci rabi ya yi aiki da rabi, ya ga kwalta ya ga ruwa a famfo. Ni kuma na ce wanda ka yarje masa rabi yau, gobe da tukunyar zai tafi. To na kawo muku. In mutum biyu suka tsaya, ɗaya mai gaskiya ne amma bai iya tafiyar da jama'a ba, ɗaya ya iya aiki amma hannunsa ba ya jin kunyar baitulmali, wa za ku dangwala wa? Kuma me ake dubawa a jikin mutum kafin a ce wannan ya isa shugaba?

Admin_Garba: Wa alaikumus salam. A tuna dokar gida: ban da zagi, ban da ambaton wanda yake kan kujera yanzu ko wanda hotonsa ke manne a bango yana nemanta. Wancan karon sai da na cire mutum huɗu.

Dan_Kura: Ni manomi ne, ba zan yi nisa ba. Audu Bako. Ɗan sanda ne, ba wanda ya zaɓe shi, Gowon ne ya naɗa shi gwamnan Kano a 1967 ya zauna har 1975. Amma zo Kura ko Kadawa ko Garun Malam da rani ka ga shinkafa da tumatir da albasa kore shar. Ruwan Tiga ne, kuma a zamaninsa aka gina Tiga. Shekara hamsin kenan muna ci daga tunanin mutum ɗaya. Kakana duk rani sai ya tafi ci-rani, babana bai taɓa zuwa ba, ni ma haka. A wurina shugaba shi ne wanda ya hango abin da jikokin mutane za su ci.

Bazazzagi_Na_Asali: An fara. Duk hirar da aka ɗauko sai Bakano ya ja ta zuwa Kano. Malam Ɗan Kura, ka san bayan juyin mulkin 1975 gwamnatin Murtala ta binciki gwamnonin Gowon su 12, biyu kacal aka wanke, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na jihar Yamma? Yi lissafi ka ga inda naku ya faɗa. Ka amsa wa Alhaji Sani tambayarsa ba ka sani ba, kana layin maƙwabcinsa.

Dan_Kura: Bazazzagi, da tumatirinmu kuke miya, ka yi magana a hankali. Ni dai abin da idona ya gani na faɗa.

Baba_Mai_Fansho: Yara ku bari in sa baki, don wannan zamanin ina ƙaramin akawu a Kaduna. Murtala, Allah ya jiƙansa, ba a taɓa yin mai zafin nama irinsa ba. Wata shida da 'yan kwanaki ya yi, daga ƙarshen Yulin 1975 zuwa 13 ga Fabrairun 1976, amma a ciki ya mayar da jihohi 19, ya yanke maganar ƙaura zuwa Abuja, ya sa ma'aikaci ya san ƙarfe bakwai da rabi na safe. Mun so shi ƙwarai. Sai dai akwai abin da matasa ba su sani ba. An kori ma'aikata sama da 10,000, wasu a rediyo suka ji sunansu. Cikinsu akwai ɓarayi, ba musu. Amma akwai maigidana a ofis, mutumin da ko fensirin gwamnati ba ya kai wa gida, wani ne ya rubuta masa takardar ƙarya, ba a kira shi an ji ta bakinsa ba. Ya bar gidan gwamnati da 'ya'ya bakwai ba shi da ko fili. Ka san darasin da mu na ƙasa muka ɗauka? Ba "kar ka yi sata" ba ne. "Yi wa kanka tanadi tun kujera tana hannunka" muka koya. Saboda haka ni in an ce shugaba jarumi ne sai in tambaya, yana sauraron ɓangare biyu kafin ya zare takobi?

Hadiza_Zariya: Allah ya ƙara lafiya Baba. Wannan ban taɓa jin sa ta wannan fuskar ba.

Masunci_Hadejia: Ɗan Kura, ina da ƙorafi. Ruwan da aka tare muku a Tiga, da can mu yake sauko wa. Fadamar Haɗeja zuwa Nguru da ambaliyar damina take rayuwa, kifi da shinkafa da kiwo duk a kanta suke. Da aka daina samun ambaliya yadda aka saba, ruwa ya koma yana tafiya kaɗan-kaɗan shekara duka, sai kacalla ta cinye hanyoyin ruwa, tsuntsaye jan-baki suka samu gidan kwana. Ban ce kar a gina dam ba. Na ce wanda ya zauna ya tsara bai tambayi na ƙasan kogi ba. Aikin da ya zama alheri a gare ka ni ya taɓa min tukunya.

Ustaz_Rijiyar_Lemo: Alhaji Sani, tambayar taka ce da gyara. Ka kawo mana gurgu da makaho ka ce mu zaɓi direba. A Suratul Ƙasas, da 'yar dattijon nan na Madyana take ba mahaifinta shawara ya ɗauki Annabi Musa aiki, siffa biyu ta haɗa: mai ƙarfi, amintacce. Ba ta raba su ba. Kuma duba Abu Zarri, Allah ya yarda da shi. Wa ya kai shi gaskiya da gudun duniya? Amma da ya nemi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi muƙami, sai ya ce masa kai mai rauni ne, ita kuwa amana ce. Kenan tsoron Allah kaɗai bai sa mutum ya cancanci mulki ba. Shi kuma mai ƙarfin da ba amana, ai kura ce aka ba ajiyar nama.

Sani_Kwari: Allah ya gafarta Malam, na yarda. Amma ranar zaɓe gurgun da makahon su ne a jikin takardar. Ba a ba mu na uku.

Ustaz_Rijiyar_Lemo: Domin kun bar zaɓen fid da gwani a hannun daliget, kuna jiran ranar da aka riga aka gama dafa abincin.

Maman_Ilham: Ku maza kun iya tarihin matattu. Ni bari in faɗi na rayayyu ba tare da suna ba, Admin kar ka cire ni. Bara na raka ƙanwata haihuwa asibitin garinmu cikin dare. Ginin sabo fil, an shafa fenti, ga allo da sunan wanda ya ƙaddamar. Ba wuta, ba ruwa, ma'aikaciya ɗaya ce tana duba mata biyar, da fitilar wayata aka karɓi haihuwar. Safar hannu ma mu muka saya. Wanda ya gina asibitin nan a lissafin maƙwabcin Alhaji Sani "ya ci ya yi aiki" ne. To rabin da ya ci shi ne albashin ungozoma ta biyu, shi ne man janareto. Mai ci yana son gini saboda a gini ake samun kaso, ba a samun kaso a biyan ma'aikaciyar jinya. Ni shugaban da nake so shi ne wanda matarsa za ta iya haihuwa a inda ƙanwata ta haihu.

Abba_Jagaliya_Ya_Tuba: Hajiya kin yi gaskiya, amma in ɓera da sata daddawa ma da wari. Wa yake karɓar taliya da sabulu da atamfa a layi? Ni na yi wannan harkar, na raba da hannuna, shi ya sa na sa wa kaina wannan sunan. Mata ne suka fi cika layin.

Maman_Ilham: Ƙanina, matar da ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba kar ka yi mata wa'azi a kan taliya. Tambayi wanda ya mayar da ita haka. Kuma ku maza da ake ba ku babur da kujerar Makka fa? Naku ne dai ya fi tsada.

Dan_Damagaram: Salamu alaikum 'yan Najeriya, ku matsa mu ma mu zauna. Mu nan in ka tambayi tsofaffi wa ya riƙe ƙasa, da yawa Seyni Kountché za su ce maka. Ya kifar da Diori Hamani a Afrilun 1974 ana tsakiyar fari da yunwa, abin da ya fara sa wa gaba shi ne hatsin taimako ya isa ga talaka, kar ya tsaya a hannun manya. Iyayenmu suna ba da labarin yadda yake faɗo wa ma'aikata ba sanarwa, wanda bai tarar a kujerarsa ba ya shiga uku. Har ya rasu a 1987 ana shakkarsa. Amma su tsofaffin nan in hira ta yi nisa za su gaya maka a lokacin ko a ɗakinka ba ka maganar gwamnati da ƙarfi. Ba jam'iyya, ba majalisa, Diori ya yi shekaru a tsare, Djibo Bakary ma haka. To ban sani ba ko tsoro ne muke kira iya mulki.

Wanda ya fi ba ni tausayi Baba Tandja ne. Ya yi wa ƙauyuka azuzuwan lakol da ƙananan gidajen likita, shi ya aza tubalin matatar mai ta nan Damagaram a 2008, talakan karkara yana son sa har zuciya. Wa'adinsa na biyu zai ƙare a 2009, sai aka zo da tazarce. Ya rushe majalisa, ya rushe kotun tsarin mulki, ya yi ƙuri'ar raba-gardama don ƙarin shekara uku. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 soja suka ɗauke shi a fada. Da ya sauka a kan lokaci, da yau ba mai ɗaga masa yatsa. Ni a jerina na farko shi ne mutum ya san lokacin tashi.

Dan_Kura: Badamagare ya yi magana mai ma'ana, yau za a yi ruwa.

Dan_Damagaram: Bakano, ka dai biya bashin kakanninka tukuna.

Bazazzagi_Na_Asali: Tunda Alhaji Sani yana son misalin mai gaskiya, ga Balarabe Musa. Ya ci gwamnan tsohuwar Kaduna a PRP a 1979, majalisa kuwa NPN ce ke da rinjaye. Ya kai sunayen kwamishinoni suka ƙi, ya sake kaiwa suka ƙi, shi kuma ya ce ba zai yi cinikin aƙida ba. Haka ya yi mulki ba kwamishina har suka tsige shi a watan Yunin 1981, gwamna na farko da aka tsige a ƙasar nan. Har ya rasu a 2020 ba wanda ya iya nuna gidan da ya gina da kuɗin jama'a. Ina alfahari da shi. Amma wani lokaci ina tambayar kaina, da ya ɗan sassauta ya ba su kujera biyu uku ya cika shekara huɗunsa, talakan Kaduna da Katsina bai fi amfana ba?

Santsi_Har_Gobe: A'a. Da ya ba su biyu sai su nemi baitulmalin. Kuma kar a manta shi da Abubakar Rimi suna hawa suka soke haraji da jangali. Wanda bai ga yadda ake tsare magidanci a rana a ƙofar dagaci saboda kuɗin haraji ba, ba zai san girman wannan ba. Rimi ya hau kujerar gwamnan Kano yana ɗan shekara 39, ya kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya, ya kafa jaridar Triumph da gidan talabijin na jiha, ya kai lantarki ƙauyuka, ya ba ma'aikata hutun ranar 1 ga Mayu tun gwamnatin tarayya ba ta fara ba. Ga gaskiya ga aiki ga ƙuruciya. Ustaz, ga mai ƙarfi amintacce.

Baba_Mai_Fansho: Ɗana, Rimi ya yi aiki, ba mai ja. Amma harshe fa? Takardar tuhumar da gwamnatinsa ta aika wa Sarki Ado Bayero ita ta jawo tarzomar 10 ga Yulin 1981, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe mai ba shi shawara Dakta Bala Muhammad. Ga kuma rabuwa da Malam Aminu Kano, jam'iyyarsu ta PRP ta tsage gida biyu, Santsi da Taɓo. Babba juji ne. Shugaban da ba ya iya haɗiye magana, mabiyansa ne ke biyan kuɗin.

Santsi_Har_Gobe: Baba da girmanka, waɗanda suka kunna wutar su za a tambaya, ba wanda ya rubuta takarda ba.

Yakubu_Kafanchan: Ni Kirista ne, kuma ina so in ƙara abu ɗaya da ba wanda ya ambata. Shugaba shi ne wanda in ya zauna rabon aiki ba ya fara tambayar sunanka da inda kake ibada. Kakana yana yawan maganar Sardauna. Ya ce a gwamnatinsa akwai irin su Michael Audu Buba a kujerar minista, ga Sunday Awoniyi ɗan lardin Kabba yana aiki kusa da shi, kuma har tsufansa bai daina yabonsa ba. Jami'ar da ya kafa a Zariya a 1962 ta yaye 'ya'yanmu da naku. Yanzu kuwa ko ɗaukar masu shara za a yi sai an duba daga wane ɓangaren gada ka fito.

Jikan_NEPU: Yakubu, ka faɗi rabi. Tambayi Tibi yadda aka murƙushe tarzomarsu a 1960 da 1964. Tambayi gidanmu. Kakana tela ne, don kawai ya je taron jam'iyyar adawa ta NEPU 'yan doka suka kama shi, alƙali ya ɗaure shi wata uku, ya fito masu kawo masa ɗinki sun watse. Hajiya Gambo Sawaba sau nawa aka kai ta kurkuku? Ba na ƙin Sardauna, ya mutu bai tara ba, wannan kowa ya shaida. Amma ma'aunina shi ne yadda shugaba yake yi da wanda ya ce masa a'a. Malam Aminu ya rasu a 1983, je Gwammaja ka ga gidan da ya bari.

Bazazzagi_Na_Asali: Malam ai bai taɓa riƙe mulki ba, ba a gwada shi da baitulmali ba.

Jikan_NEPU: Gyara. Ya yi kwamishinan tarayya a gwamnatin Gowon, sadarwa sannan lafiya. Ya shiga ya fito da rigarsa.

Bakatsine_07: Duk kun tsallake Umaru Musa 'Yar'aduwa. Wane shugaba ne ya tsaya ranar rantsuwa ya ce zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, sannan ya kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais ya gyara? Ya bayyana kadarorinsa a fili. Ya rage kuɗin fetur har ya koma naira 65. Ya soke sayar da matatun Kaduna da Fatakwal. Ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa a 2009 aka samu lafiya. Ba hayaniya, ba ɗaga murya. Kunya da tawali'u ma siffofin mulki ne.

Hadiza_Zariya: Allah ya jiƙansa, amma ƙarshen fa? Ya tafi jinya Saudiyya a Nuwamban 2009 ba a miƙa wa mataimaki ba, ƙasa ta zauna wata biyu da wani abu ba a san mai riƙe da ita ba, sai da majalisa ta nemo dabara a Fabrairu.

Bakatsine_07: Mutumin da ba ya cikin hayyacinsa za ki ɗora wa? Na kusa da shi ne. Ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Hadiza_Zariya: Wannan karin maganar ita ta kashe mu wallahi. Bafaden daga sama ya faɗo? Wa ya jawo shi jiki? Ni ina ganin fadawa ne suka ƙirƙire ta don su kare sarki, sarki kuma ya bar su su ci. In kana son sanin shugaba, kar ka saurari jawabinsa, dubi mutum biyar da suke shiga wurinsa ba sallama.

Auwal_Mai_POS: Anti Hadiza kin taɓo inda yake min ciwo. Ni 2015 ne zaɓena na farko. A kasa, a tsare, a raka, har asuba muna bakin akwati, ba wanda ya ba mu ko ruwan leda. Mai gaskiya muka zaɓa. Sai da aka kai Nuwamba kafin a rantsar da ministoci. Daga baya aka rufe boda a 2019, abinci ya tashi, hanyar ƙauyenmu ta gagara bi saboda 'yan bindiga. Har yau ban yarda marigayi Buhari ya saci kwabo ba. Amma gaskiyarsa a aljihunsa ta tsaya, ba ta zagaya ta kama hannun kowa ba. Alhaji Sani, in ka ga maƙwabcinka ya faɗi abin da ya faɗa, irin wannan ce ta dafa shi.

Bakatsine_07: Auwal ka yi adalci. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a zamaninsa ya fara jigila, ga gadar Neja ta biyu, ga shinkafar gida da aka koma nomawa. Kuma da wa'adinsa ya cika ya tattara ya koma Daura.

Auwal_Mai_POS: Na ji. Jonathan ma da ya faɗi ya ɗaga waya ya taya murna tun ba a gama sanarwa ba, mu da muka ƙi shi ba mu taɓa gode masa ba.

Alhaji_Zango_Kumasi: Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan mun ga Rawlings iri biyu. Na 1979 ya harbe tsofaffin shugabannin ƙasa uku, Acheampong da Akuffo da Afrifa, aka yi ta dukan 'yan kasuwa a kan farashi, mutanen zango da yawa sun yi asarar jari. Na 2001 kuma ya cika wa'adinsa, jam'iyyarsa ta faɗi, ya miƙa wa Kufuor ya koma gida. In ka tambaye ni wanne ne ya gyara Ghana, na biyun zan ce. Ƙanina da muke uwa ɗaya uba ɗaya zai rantse maka na farkon ne. Shekara ashirin muna wannan musun.

Sani_Kwari: Jama'a na gode. Na karanta wa maƙwabcin nawa duka tun daga Ɗan Kura har Alhajin Kumasi. Maganar Maman Ilham ta sa ya yi shiru, amma da na zo kan ta Auwal sai ya ce "ka ji ko?" Yana nan a kan bakansa, sai dai ya rage, ya ce yanzu kashi ɗaya cikin huɗu ya yarda a ci.

Ustaz_Rijiyar_Lemo: Ka tambaye shi, yaron shagonsa kashi nawa ya yarje masa?

Sani_Kwari: Na tambaya Malam. Ya ce wannan daban.

Maman_Ilham: Ku dai wani ya ba ni amsa, cikin duk waɗanda kuka lissafo akwai wanda ya fara daga kansila? Don namu kansilan tun ranar da aka rantsar da shi ya canza lamba, rijiyar burtsatsen unguwarmu kuma wata na biyar kenan muna karo-karo ba mu haɗa kuɗin famfon ba.

Abba_Jagaliya_Ya_Tuba: Hajiya turo min sunan unguwar ta akwatin sirri, na san inda yake shan shayi.